Shagon Babban Joji na Changli

Duk Tamale, a shekarun da Ghana ta karɓi mulkin kai, ba a yi masanin doka kamar Imoru Babban Joji ba. Ya daɗe a kotun Turawa, kusa da kujerar alƙali ma, domin shi ke jan igiyar mafici kada zufa ta dami shari'a. Da Turawa suka tattara, sai ya dawo unguwarsu Changli da tsohon kwat da ilimi fal ciki. Mai ƙosai ba ta isa ta ɗora kasko ba sai ya tsaya a kanta ya tambayi lasisi.

Matarsa Hawawu 'yar Salaga ce, ba ta daɗe da zuwa garin ba. Gishiri da sukari take sayarwa a faranti, abin da take so a duniya kuwa ɗaya ne: ta sauke farantin nan daga kanta, ta zauna a shago kamar kowa. Ta yi ta tara kuɗi har suka kai. Kuskurenta kawai, ta faɗa wa mijinta.

Imoru ya karɓi aikin da hannu bibbiyu. Ya yi rajistar suna, ya yanko lasisi, ya sa aka sassaƙa hatimi. Kafinta ya ƙera shagon katako, aka rubuta masa "Imoru da Kamfani" da jan fenti. Kamfanin ita ce Hawawu.

Saura wuri. Ya hango wani fili a gangare, fes, ba ko rumfa, ga hanya a gefe. Ya yi mamakin yadda jahilci ya hana mutane ganinsa. Nan take ya je aka rubuta masa wurin a lasisin.

"Maigida," in ji Hawawu, "ba za mu kai wa sarkin unguwa goro ba? A garinmu ba a kafa ko turke sai an gaishe da mai ƙasa."

Imoru ya gyara kwat. "Goro! Hawawu, yanzu Ghana ake. Ni da na zauna da manyan alƙalai zan je in tsuguna ina tafa hannu ina 'Naa, Naa'? Nuna mini sashen da ya ambaci goro."

Ba ta iya nunawa ba.

To, a unguwar nan, wanda ya kai goro shi ake zaunarwa a gaya masa halin wuri: nan kabari ne, can tururuwa, can kuma kada ka kuskura. Wanda bai tambaya ba, ba a yi masa shisshigi. Dattawa suka zo buɗe shago, suka sha jawabin Imoru a kan dokar kasuwanci har ƙafafunsu suka yi sanyi. Suka dubi filin, suka dubi sama, suka ce Allah ya sa albarka. Hawawu kuwa ta jera buhunanta, ranar har da kukan daɗi ta yi.

Ruwan farko na damina ya sauko da hantsi. Ashe filin nan hanyar ruwan unguwa ce tun kaka da kakanni. Kafin a ce me, shago ya ɗaga, ya juya a hankali, ya kama hanya da hatiminsa da komai. Imoru na biye da shi, ruwa iya gwiwa, yana sanar da shi cewa wannan ya saɓa wa doka. Can ƙetaren hanya ya maƙale a gindin wata bishiyar kaɗanya. Hawawu ta buɗe ƙofa ta tarar da buhuna a kwance, ruwa ya narkar da komai, ba gishiri ba sukari. Ta zauna a kan laka ta ɗora hannu a ka, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Ana cikin haka sai ga Malam Nortey, mai duba lasisi, ya iso yana tura keke. Mutum ne da ba ya wasa da aiki. Imoru ya ga ɗan'uwa a ilimi, ya miƙa masa takarda da alfahari.

Nortey ya karanta, ya dubi gangaren, ya dubi kaɗanyar. "Lasisin nan na wancan wurin ne. Wa ya ba ka izinin ɗauke shago zuwa nan?"

"Ranka ya daɗe, ai ruwa ne ya kawo shi."

Nortey ya zaro alƙalami. "To, gobe ka zo kotu. Ka san hanya ai."