Ranar da Jariran Kififfiya Suka Jira Sarki

A Gaɓar Farin Yashi, inda kogi ke shiga teku, kowa ya san matsayinsa. Kada ne sarki, don babu mai bakin da ya kai nasa. Zalɓe ne waziri, don ya iya tsayuwa wuni guda bai tsinana komai ba, a ɗauka tunani yake yi. Shirwa su ne dogarai. Sauran kuwa, su kaguwa da tunku da guza, talakawa ne, aikinsu su ce "gaskiya ne" idan fada ta yi magana.

Akwai kuma kififfiya, manyan kunkurun teku, waɗanda ba mazauna gaɓar ba ne. Sau ɗaya a shekara matansu ke fitowa, su haƙa rami a yashi, su zuba ƙwai, su rufe, su koma ruwa. Bayan wata biyu jarirai su fasa ƙwai da asuba, su ɓullo gaba ɗaya, su sheƙa zuwa teku. Wannan gudun shi ne ransu. Wanda ya kai ruwa kafin rana ta ɗaga ya tsira. Wanda ya tsaya, ko rana ta gasa shi ko wani baki ya ɗauke shi.

Shekara da shekaru ana tone ƙwan nan ana sha, har matan da ke fitowa suka ragu, ana iya lissafa su da kallo ɗaya. Talakawa ne suka fara jin kunya. Tunku, wanda babu wanda ya kai shi shan ƙwai a gaɓar, shi ya tara jama'a ya ce a yi gayya. Suka keɓe wani yanki suka ce hurumi ne, ba tono, ba takawa. Kaguwa suka tashe ramukansu daga ciki. Guza suka yi rantsuwar daina shan ƙwai, da ƙyar, amma sun yi. Malam Kwasakwasa, tsohon tsuntsu mai jaka a wuya, ya buɗe makaranta a gindin wata kwakwa, yana koya wa 'ya'yan dabbobi yadda ake gane gurbin ƙwai a kauce masa. Babu wanda ya sa su. Shekara uku ana haka, kowace kakar ƙyanƙyasa yashi na yin baƙi da jarirai masu gudu.

Barmani ce tsohuwar cikin kififfiya. Bayanta ya yi gansakuka, idonta ɗaya ya mutu. A shekara ta huɗu ta zuba ƙwai ɗari da 'yan kai, ta kuma ji a jikinta cewa daga su babu wasu. Don haka ba ta yi nisa ba kamar yadda ta saba. Ta zauna a ruwan gefe, tana so ta ga gudunsu da idon da ya rage mata.

A shekarar ne labari ya kai fada. Aka kira majalisa a bakin kogi. Sarki ya kwanta bisa laka, ido rabi a rufe. Waziri Zalɓe ya miƙe wuya.

"Allah ya ja zamanin mai gaɓa da kogi. Jama'a, Sarki ya ji aikin da kuka yi, ya kuma amince cewa shi ya yi shi."

"Gaskiya ne," in ji jama'a.

"Amma da sauran gyara. Shekara uku muna tsaron baƙin nan, 'ya'yansu na fitowa su wuce mu ko sallama babu. Ba su san wanda ya tsare su ba. Ba su san sunan Sarki ba. Makarantar da ta koyar da ɗan guza ta bar ɗan kififfiya cikin jahilci, rabin makaranta ce. Saboda haka fada ta yanke abu uku. Za a kewaye hurumi da shinge. Malam zai riƙa yi wa ƙwai karatun ladabi tun suna cikin yashi. Ranar fitowa kuma yara za su jeru, Sarki ya zo ya sa musu albarka a gaban jama'a, sannan a buɗe musu hanya."

Barmani ta ja jiki ta fito daga ruwa. Ta ɗauki lokaci kafin ta iso, har wasu 'yan fada suka fara hamma.

"Ranka ya daɗe, ni tsohuwa ce, ban iya maganar fada ba. Yaran nan ba su da lokacin gaisuwa. Tsakaninsu da ruwa taku ɗari ne, tsakaninsu da zafin rana sa'a guda. Ku bar su su gudu. Wadda ta rayu, bayan shekara talatin za ta dawo da ƙafarta ta gaishe ku."

"Shekara talatin!" Waziri ya kece da dariya. "Haba Iya, wa ya gaya miki ina nan bayan shekara talatin? Bana nake waziri, bana za a gode mini."

Tunku ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ko a yi gaisuwar da asuba, da sanyin safiya?"

"Sarki ne zai yi sammako saboda ƙwai? Kai Tunku, jiya-jiya ka goge gwaiduwa daga gemunka, yau ka zama mai ba fada shawara?"

Aka yi dariya. Babban dogari ya sauko kusa da Tunku, ya shiga gyara farcensa a yashi. Tunku ya zauna.

Sarki ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An gama." Aka tashi.

Talakawan da suka yi gayyar hurumi su aka sa gayyar shinge. Suka kafa kirare, suna yi suna kau da kai daga ruwa. Malam Kwasakwasa ya so ya ƙi nasa aikin, sai Waziri ya raɗa masa cewa akwai wani guza da ya daɗe yana sha'awar gindin kwakwar nan. Washegari aka ga Malam yana zagaya gurabe, yana sunkuyar da baki a yashi yana rerawa: "In kun fito ku jeru. Kada kowa ya motsa sai Sarki ya ce a tafi." Safe da yamma, kwana sittin.

Wata rana Barmani ta tare shi a bakin ruwa.

"Allah gafarta Malam, me kake zuba wa 'ya'yana?"

"Kwantar da hankalinki, Iya. Ƙwai ne fa. Ƙwai yana da kunne? Ina faɗa ne fada ta ji, makaranta ta tsira. Ranar da suka fito, jininsu zai gaya musu abin da za su yi. Shingen ma na ce wa kaguwa su bar masa ƙofofi ta ƙasa."

Ta so ta yarda da shi, don haka ta yarda.

Ranar ta zo. Gari ya fara wayewa, yashi ya motsa, kawuna ƙanana suka ɓullo, goma, hamsin, ɗari, daga gurbinta da na sauran. Barmani na cikin ruwa tana kallo. Ta ga sun juya fuska wajen teku. Ta ga na gaba ya ɗaga hannu zai sheƙa. Sai ya sauke. Ya matsa gefe, na biyu ya tsaya kusa da shi, na uku kusa da na biyu. Kafin rana ta leƙo, sahu goma sha biyu ne a yashi, madaidaita, babu mai ko ƙifta ido.

Jama'a suka yi guɗa. Malam Kwasakwasa bai yi ba. Bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa.

Da hantsi Waziri ya iso, ya yi jawabi kan tarihin gaɓar. Bayansa babban dogari ya yi nasa kan tsaro, mutanensa na shawagi a sama don girmamawa. Aka aika fada, aka ce Sarki yana shan hantsi, jininsa bai ɗumama ba tukuna. Yashi kuwa ya ɗumama. Fatar yaran ta fara yin fari.

Barmani ta fito. Nauyin da ruwa ke ɗauke mata duk ya dawo bayanta, tana ja tana nishi, yashi na ƙona mata ciki. Da ta kai shinge ta sa ƙirji ta danna. Bai faɗi ba. Tunku ya dubi dogarai, ya dubi yaran, ya zo ya sa haƙori ya tsinke igiyar. Shinge ya kife. Ga hanya a buɗe har ruwa.

"Ku gudu!" in ji Barmani. "Ni ce uwarku. Ga ruwa can, ku gudu!"

Babu wanda ya motsa. Wata 'yar ƙarama a sahun gaba ta ɗago kai, muryarta a bushe.

"Inna, Sarki bai ce ba."

Malam ya faɗo tsakaninsu yana kaɗa fiffike. "Yara, ni na koya muku, ni nake warwarewa! Ƙarya na yi muku! Ku tafi!"

Suka amsa masa baki ɗaya, da irin waƙen da ya rera musu: "Kada kowa ya motsa sai Sarki ya ce a tafi."

Barmani ta ja jiki ta shiga hurumin. Ta matsa kan sahun gaba, ta ɗaga jikinta bisa hannuwanta, ta yi musu inuwa. Inuwar tsohuwa ɗaya ba ta wuce yara tara ba. Ta tsaya haka, tana jin numfashin sauran sahun yana raguwa a bayanta.

Bayan azahar Sarki ya iso. Ya bi sahu-sahu a hankali, ya dubi yaran, ya gyaɗa kai.

"Ban taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. Madalla. A tafi."

Tara suka motsa. Dogarai suka sauko yi musu rakiya. Huɗu suka kai ruwa.

Tun da kowa na nan, sai majalisa ta zauna a wurin. Waziri ya sanar cewa taro ya yi kyau, tarbiyya ta kama, abin da ya ɓata shi kawai karya shingen hukuma. Aka tuɓe Tunku daga shugabancin gayya. Aka hana Barmani taka hurumi har ƙarshen ranta. Malam aka ba shi sarautar Babban Malamin Gaɓa, aka ce baɗi ya fara karatu tun ranar da aka zuba ƙwai. Shinge zai zama na dutse. Za a kuma kafa rumfa, don Waziri ya sha rana ƙwarai.

"Gaskiya ne," in ji jama'a, a hankali, kowa na kallon ƙafarsa. Aka ba guza aikin share fili.

Barmani ta juya ta ja jiki zuwa teku, ba ta waiwaya ba. Huɗu ma wani abu ne, haka ta riƙa gaya wa kanta. Huɗu sun kai ruwa, yanzu sun yi nisa, sun shige ciyawar ƙarƙashin teku inda babu mai ganinsu.

Ba su yi nisa ba. A bayan igiyar ruwa ta farko Barmani ta same su, suna yawo a saman ruwa, kafaɗa da kafaɗa, sahu ɗaya madaidaici. 'Yar ƙaramar nan ta gane ta.

"Inna, mun iso. Wa zai ce mu ci gaba?"

A ƙarƙashinsu, manyan kifaye sun riga sun fara kewayawa.