Jakadan Tudun Gana da Katin Ƙetare

Ba kowane ƙauye Allah ya yi wa baiwar da ya yi wa Tudun Gana ba. A cikin ƙauyukan bakin kogin Haɗejiya wasu da kifi suke taƙama, wasu da shinkafa, wasu ma da kwaɗi. Tudun Gana kuwa ta tsere musu duka, domin ita ta haifi Alhaji Badamasi, mutumin da ya je ya ga duniya, ya kuma daure ya dawo don ya faɗa wa na gida yadda take.

Kwana arba'in da ɗaya cur ya yi a birnin Alƙahira na ƙasar Misira. Mahassada suna cewa jinya ya raka baffansa, wani dillalin shanu na garin Malam Madori, kuma aikinsa a can bai wuce riƙon filas da wanke kwanon tofi ba. Suna cewa har ya dawo bai san wata hanya ba sai wadda ta tashi daga masauki zuwa asibiti. Amma ai mai arziki ba ya rasa mahassada. Abin da ba wanda zai musa shi ne Badamasi ya tafi yana malam ya dawo yana alhaji, don a ganinsa duk wanda jirgin sama ya ɗauka ya wuce malanta. Ya dawo da jallabiya ruwan toka, da baƙin tabarau, da wata sabuwar ƙyama. Kogin da ya shekara arba'in yana wanka a ciki ya zama "ba shi da tsari". Tuwon da ya gina masa wuya ya zama "nauyi". Mutanen majalisa suka laƙaba masa Jakada. Ya ɗauka karramawa ce, ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Shi dai Jakada da abu ɗaya yake ci, ko da yake ba ya son a tuna masa. Akwai wata gona a fadamar gari, daidai bakin ƙoramar da ke ɗebo ruwa daga kogi, wadda ubansa ya noma shi ma aka bar masa. Ita ke ba shi shinkafa da damina, alkama da tattasai da rani. Ita ke ciyar da matarsa Bara'atu da 'ya'yansu shida, ita ma ta sayi tabarau ɗin. Fadamar kuwa ta gari ce, ba ta gado ba. Duk shekara in ambaliya ta janye sai a yi gayya a sare kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe ƙorama, sannan mai gari, Bulama Gana, ya zauna a gindin tsamiya ya sake tabbatar wa kowa gonarsa. Sharaɗin bai sauya ba tun zamanin kakanni: gona ta mai kwana a gari ce, wanda ya yi ƙaura a ba wani ya noma.

To, manya ai ba su kwana da tunanin tattasai. Abin da ke damun Jakada ya fi haka girma. Wata rana a can Alƙahira ya ga wata Balarabiya a kantin magani ta ɗora kati a kan na'ura, na'urar ta yi 'yar ƙara, matar ta kwashi kayanta ta fice. Shi kuwa yana gefe yana kokawa da lalitar da ya ɗaure a ƙugu ƙarƙashin wando. Shekara biyu ke nan, kunyar ranar ba ta sake shi ba. Gaskiya ne ba shi da wata tafiya a gaba, fasfonsa ma yana ƙasan akwatin Bara'atu yana jiran ajali. Amma wannan ƙaramar magana ce.

"Ku ba za ku gane ba," in ji shi a majalisa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Mu mazauna waje matsalolinmu daban ne. Mutum yau yana Alƙahira, gobe Dubai, jibi wani wurin, ya zaro kati na'ura ta ƙi shi? Ai ba shi aka kunyata ba, ƙasa aka kunyata. Dole in mallaki katin da ke aiki a ƙetare, ko don martabar garin nan."

Mutane suka ce haka ne, Jakada, suka ci gaba da ɗinkin komarsu.

Ranar Litinin ya hau babur ya nufi Haɗejiya. A banki ya tarar da layi har bakin ƙofa, masu kifi da masu albasa da malaman makaranta. Ya dube su kamar yadda ake duban ruwan kwata, ya ratsa ta gefe ya zauna gaban wata ma'aikaciya mai suna Adila. Yarinyar mai haƙuri ce. Ta saurari tarihin Misira tun daga filin jirgi, sannan ta gaya masa abin ba wuya. Duk mai asusu zai iya buɗe na dala a ba shi katin da ke aiki a waje, in dai ya kawo katin ɗan ƙasa da hoto da shaidar adireshin gidansa. Mako biyu ya isa.

Wani zai yi murna. Jakada kuwa fuskarsa ta ɓaci. Ya nuna wani dattijo a layi mai warin banda, ya tambaya ko shi ma zai iya samun irin wannan kati. Adila ta ce ƙwarai kuwa.

"To ba shi nake nufi ba, 'yata."

Idonsa ya faɗa kan wata takarda da aka manna a bango, mai hoton jirgin sama da wani mutum riƙe da jaka, an rubuta cewa ga asusu na musamman don 'yan ƙasa mazauna ƙetare. Ya miƙe tsaye ya ɗora yatsa a kai. Adila ta yi masa bayani a hankali cewa wannan sai wanda da gaske yake zaune a wata ƙasa, mai takardar izinin zama da adireshi a can. Jakada ya yi murmushin da manya kan yi wa yara.

"Shaida kike so? Shaida ai ba ta yi mini wuya. Ki ajiye mini fom ɗina, kada ki haɗa shi da na jama'a."

Kafin ya bar gari sai da ya biya kasuwa wajen dukawa ya sayi 'yar jakar fata mai ado, wadda katin zai riƙa kwana a ciki.

A hanya ya warware matsalar da kaifin basirarsa. A Tudun Gana ba wata shaida da ta wuce takardar Bulama. Da ita ake shiga makaranta, da ita ake neman aikin ɗamara, da ita ake karɓo saniyar da ta ɓata aka tsinta a Kaugama. In hatimin Bulama ya sauka a kan magana, ta zauna. To me zai hana ya sauka a kan maganar Misira? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma Jakada bai taɓa zargin saninsa da ƙanƙanta ba.

Ana cikin haka ruwa ya janye, mai shela ya zaga gari cewa ranar Asabar za a fita gayyar kacala. Bara'atu ta wasa lauje ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ya tsallake shi. Ya dai je bakin ƙorama, kada a ce bai je ba, ya tsaya a tudu cikin jallabiya da lema yana kallon maza tsamo-tsamo cikin taɓo har ƙirji. Ya sanar da su cewa a Misira inji ke yin wannan aiki, kuma kogin can ya ninka wannan sau goma amma ba ka ganin ko tsinke a kansa. Wanda ya fi kowa nutsewa cikin taɓon shi ne Kawu, wani masunci da ambaliya ta cinye wa gida a tsallaken kogi, ya dawo gari da iyalinsa, shekara uku yana jiran a samu gonar da za a ba shi. Jakada ya ba shi shawara ya riƙa sanya safar hannu.

Washegari ya isa zauren Bulama Gana. Bulama tsoho ne mai tsadar magana, irin waɗanda kan bari mutum ya gama haƙa ramin kafin su tambaye shi na mene ne. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato in rubuta ba ka zaune a garin nan?"

"Haka za a rubuta, Allah ya ja zamaninka. A ƙara da cewa Misira nake da zama, nan ziyara nake kawowa lokaci-lokaci."

Bulama ya aika aka kira liman da sarkin ruwa. A gabansu ya sake tambaya, Jakada ya sake amsawa, wannan karon da ƙarfi don na waje su ji. Bulama ya yi ta uku, ya ce, "Badamasi, ni na yi wa ubanka rakiya zuwa kushewa. Ka san abin da takardar nan take nufi?"

"Bulama, da girmanka da komai, wannan harka ce ta ƙasa da ƙasa. Ba fanninka ba ne. Kai dai buga hatimi."

Aka buga. Malamin Bulama ya rubuta biyu, ɗaya aka miƙa wa Jakada, ɗaya ta shiga akwatin ƙarfe. Jakada ya fito yana gaisa da mutane da yatsu biyu.

Ranar Laraba ya koma banki ya shimfiɗa takardar a gaban Adila kamar mai shimfiɗa sallaya. Ta karanta, ta ciji leɓe, ta nemi izini ta shiga da ita ofishin manaja. Ta bayan gilashi aka ga kafaɗun manaja suna rawa. Da ta fito ta ce masa cikin ladabi, takardar ta tabbatar ba ya Tudun Gana, amma ba ta tabbatar yana Misira ba, domin Bulama ba shi da iko da Alƙahira. Jakada ya kawo tarihin filin jirgi, ya kawo sunan asibiti, ya yi barazanar rufe asusunsa, abin da bai girgiza ko labulen bankin ba. Da ya ga rana tana yi, ya sassauta murya ya ce to a ba shi irin na mai bandan, na wucin gadi, kafin takardunsa su iso daga can.

Adila ta ce ba matsala, sai dai wancan yana buƙatar shaidar adireshin gida, ita kuwa shaidar da ke hannunta yanzu cewa ta yi ba ya zaune a gidan.

Ya fito ba sallama. Ya hau babur, Jakada a rubuce a baya, jakar fata ba komai a ciki. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, in ji masu magana, amma su ma ba su hango wanda zai bar gida yana kwance a cikinsa ba.

Da la'asar ya shigo gari, ya tarar da jama'a a gindin tsamiya. Ashe ranar ce ta rabon fadama, ya manta, don manyan al'amura sun sha masa kai. Malamin Bulama yana kiran gonaki ɗaya bayan ɗaya, mai ita yana amsawa. Jakada bai gama kafe babur ba ya ji an ce, "Gonar bakin ƙorama, Kawu."

Tabarau ya faɗi. Mutumin da ya shekara biyu yana magana ta hanci ya ɓarke da muryar ubansa.

"Wace gonar? Gonata? A garin nan aka binne cibiyata! Jiya ma a nan na kwana, ku tambayi Bara'atu!"

Bara'atu tana can bayan mata, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ce abin tausayi a wurin, ita kaɗai, domin ita ta san buhu nawa ya rage a ɗaki da kuma bakin da ke jiransa. Bulama bai ɗaga murya ba. Ya sa aka buɗe akwatin ƙarfe, malami ya karanta takardar tun daga bisimilla har hatimi. Liman ya ce a gabansa aka yi. Sarkin ruwa ya ce sau uku aka tambaya. Bulama ya ce gari ba ya ƙaryata hatiminsa, amma in Allah ya kai mu baɗi, Alhaji ya dawo gida da zama, ya shiga taɓo tare da mutane, za a duba masa a ƙarshen ƙorama in akwai saura.

Jakada ya sunkuya ya ɗauki tabarau ɗinsa. Ya duba hagu ya duba dama, ba wanda ya ce haka ne, Jakada.

Bulama ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Kun bar baƙo a tsaye. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa." Da aka kawo, ya jira har Badamasi ya kai kwanon baki, sannan ya tambaya cikin girmamawa, "Alhaji, yaushe za a koma? Don mu ba da saƙon gaisuwa."