Ranar da Na Karanta Hujin Baduku

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zo yi gida Waca ba, cikin shekarun saba'in, bayan shekarata ta farko a jami'a a Abijan. Can na fara ganin ordinatar, injin lissafin nan mai cika ɗaki guda. A lokacin sai ka rubuta umarninka da wani yare wai shi Fortaran, a huda shi a jikin katuna, kowane layi da katinsa, ka miƙa ta taga, ka dawo gobe ka ga sakamako. (Gaskiyar magana, ta bayan gilashi kawai na taɓa ganin injin, kuma duk abin da na miƙa da kuskure yake dawowa.)

Amma wa ya sani a Waca? Na cika aljihu da katuna, hudaddu da waɗanda ba a huda ba, ina rabawa kamar goro. Har Zuwaira, yarinyar da na yi wata guda ina zarya a ƙofar gidansu, na ba ta ɗaya sabo fil, wai ta riƙa tunawa da ni.

Ranar ɗaurin auren yayana, bayan an shafa fatiha, dattawa suka zauna a inuwar darbejiya. Cikinsu har da mahaifin Zuwaira, Baba Issufu baduku. Na ce a raina yau zai san irin surukin da Allah ya kawo masa. Na miƙe na yi ta zuba, rabi Hausa rabi Faransanci, har bakina ya kai ni ga cewa ni da ido nake karanta hujin, ba sai da inji ba.

Baba Issufu ya laluba aljihu ya zaro kati, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi.

"Mushe, ga wani ya shigo hannuna. Taimaka ka karanta mana."

Na karɓa, na ɗaga shi saitin rana, na kanne ido ɗaya, ina gyaɗa kai. (Ko huji ɗaya ban gane ba.)

"Baba, wannan babban umarni ne. Cewa yake injin ya tara gyaɗar da aka noma daga Magariya har Dungas, ya raba ta da yawan manoma."

"Ikon Allah! Har da Dungas?"

"Ga ta nan, huji na uku daga dama."

Ya shafa gemu.

"To, ɗana, wannan katin da ka ba 'yata ne. Ni na huda shi ɗazu da safe, ina gwada adon da zan yanka a jikin wata jaka. Wallahi ban san wuƙata ta je har Dungas ba."

Wani dattijo ya ƙware da goro, sai da aka bubbuga masa baya. Liman ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga bayan darni na jiyo shewar mata, kuma muryar da ta fi kowacce tashi na san mai ita. Ni kuwa ina tsaye, hannuna a sama da kati, na rasa yadda ake sauke shi.

Kwana huɗu ban fita ba, na ce zazzaɓi ne. Da na fito, duk wanda na gaisar sai ya amsa, sannan ya ƙara da, "Ya mutanen Dungas?"

Bayan shekara uku Baba Issufu ya ba ni Zuwaira. Cewa ya yi mutumin da ya sha irin wannan kunya bai bar gari ba, zai iya riƙe aure.

Na tsufa ina aiki da injinan nan, na koyi yarensu iri-iri. Amma abin da ya fi yi mini amfani kalma uku ne na Hausa: ban sani ba. Har yau ba a taɓa yi mini shewa a kansu ba.