Ranar da Firizar Gidanmu Ta Karya Maganina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kamun Anti Rabi, ranar da firiza ta tona min asiri a gaban 'yan mata.

Tsohuwar firizar gidanmu a Gwallameji tana jan mutane. Duk wanda ya taɓa murfinta sai ya yarfe hannu. Ni kuwa har jingina nake yi da ita, ko gezau. Sai na baza wa ƙannena cewa wani tsoho a Tirwun ya ba ni maganin wuta. (Gaskiya silifas ɗina ne na roba, mai kaurin katifa, wanda sai barci ke raba mu.) Da Baba ya ce a kira mai gyara, na ce masa rakin yara ne kawai.

Ranar biki aka kai firizar ɗakin Kaka don sanyaya zoɓo. Na gama alwalar la'asar ke nan aka aike ni in ɗebo wa baƙi. Ɗakin Kaka kuwa ba a shiga da takalmi, ko kai wane ne. Na tuɓe silifas ɗin a ƙofa, na taka simintin da ruwan ƙanƙara ya jiƙa. Ga ƙawayen amarya cike da ɗakin.

Ƙanwata Ummi ta ce, "Ku matsa, Yaya ne, shi wuta ba ta jan sa."

Na gyara hula, na dafa murfin da hannu biyu.

Ji na yi kamar an zuba ƙasusuwana a injin markaɗe. Na yi kukan akuya, na zube cikin daron cincin.

Da Kaka ta ga ina numfashi, sai ta ce, "Maigidan nawa, maganin a ƙofa ka baro shi?"

Malamin kimiyya ya taɓa faɗa mana, ina gyangyaɗi: ƙarfin da ke tura wuta daban, abin da ke tare mata hanya daban. Ƙarfin firizar bai ƙaru ba ranar. Roba da busasshiyar fata ne suka daɗe suna tsare ni. Da na jiƙe, hanya ta buɗe, wuta mai yawa ta bi ta jikina zuwa ƙasa.

Dariyar ba ta dame ni kamar tunanin Ummi ba, mai yawo ba takalmi, wadda ta yarda da ni. Washegari da ƙafata na je na taho da mai gyara.

Yanzu duk wanda ya ce min yana da magani, ƙafarsa nake fara kallo.