Ranar Da Na Kai Wa Malam Littafin Jikana

To jama'a, a gyara zama. Mai tauna goro ya dakata, mai surutu ya ba ni aron kunnensa. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Da ma ita ce da na ji daɗi, don ita ƙarya ce. Wannan kuwa da ni aka yi, ina cikin hankalina, da furfurata, da carbi a hannu.

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki littafin jikana Sagiru na kai gidan Malam a Limawa ba.

Sagiru ɗan babban ɗana ne, a hannuna ya tashi a nan Takur. Tun yana ƙarami Allah Ya jarabce shi da kwaikwayon mutane. Mai tallan kifi, direban motar Garki, shugaban makarantarsu, babu wanda ya tsira. Da ya girma sai abin ya zama sana'a. A kira shi gidan biki, ya sa wando mai faɗin buhu, ya shafa gawayi a haƙori, mutane na dariya har da riƙe ciki. Daga baya ya koma yi a waya, duniya na kallo. Ni ban taɓa yi masa dariya ba ko sau ɗaya (a gabansa dai). Gidanmu ba gidan wargi ba ne. Kakansa, Allah Ya jiƙansa, mun tsufa tare ban san launin dasashinsa ba.

Ana nan ana nan sai masu talabijin suka ɗauke shi aiki a Kano. Ya zo ya ce mini ya daina fitowa, yanzu shi ke rubuta abin da 'yan wasa za su faɗa.

Na ce, "Wato da kai kaɗai ke haukan, yanzu raba wa mutane kake yi."

Ya ce, "Hajiya, ci gaba ne."

Na ce, "Allah Ya shirya."

To sai ya ga 'yar Malam, Hafsatu, malamar makaranta ce, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Malam kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Yana da makarantarsa, kuma duk Asabar da yamma yana yi wa mata karatu, inda ni ce nake zama a sahun gaba shekara da shekaru. Aka kai maganar aure, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Cikin binciken wani ƙaninsa ya nuna masa Sagiru a waya, da wandon nan, da gawayin nan, yana tiƙar rawa a gaban jaki. Labari ya iso mini cewa Malam ya ce, "Wannan zan ba 'yata?" Daga nan shiru, har wata uku. Yaro ya rame, wuya ya yi tsawo kamar na zalɓe.

Cikin wannan hali ne ya aiko mini da littafi. Ya bugo waya ya ce, "Hajiya, littafina ya fito. Ki ajiye, kada ki nuna wa kowa sai na zo na yi miki bayani."

Na buɗe. Kore ne shar, mai kauri, rubutun bangon ruwan zinari, babu hoto ko ɗaya. Ni ban yi boko ba, allo ma abin sallah kawai na samu aka yi mini aure. A sanina, littafi kore mai kauri mai ruwan zinari ba ya wuce na hukunce-hukuncen addini. Sai na fashe da kuka. Na ce ashe yaron nan ya shiryu, kuma ji tawali'u, wai kada a nuna wa kowa! Na yi alwala, na naɗe shi a sabon ƙyalle, na turara shi, na ɗora a saman akwati. (Gidanmu cike yake da masu karatu, ko wa na kira zai karanta mini layi biyu. Amma babba ba ya tambayar yara.)

Ranar Laraba bayan azahar na ɗaura zanin da nake zuwa gaisuwa da shi, na hau adaidaita sai Limawa. Na tarar da Malama, uwar Hafsatu, da 'yan'uwan Malam mata uku suna zaune a rumfa. Aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo fura da nono mai sanyi. Na sha kofi ɗaya, aka ƙara, na sha. Sannan na ce a yi mini iso wurin Malam.

Ya fito ya zauna a kan buzunsa a bakin ƙofa. Muka gaisa. Na gyara murya na ce, "Allah Ya gafarta Malam, na ji abin da ake faɗa a kan jikana. Da ne wannan. Yanzu ya tuba, har ya wallafa littafi. Ga shi na kawo, a karanta a gaban kowa, a san irin gidan da ya fito."

Malam ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya ce da boko aka rubuta, idonsa kuma ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ya sa aka kira Hafsatu. Tana ganin bangon sai na ga fuskarta ta canza.

"Baba, ko a bari sai wani lokaci?"

Na ce, "Karanta 'yar nan. Ilimi ba a ɓoye shi."

"Hajiya, wallahi da dai an..."

"Karanta!" in ji Malam.

Ta buɗe, ta fara karantawa. "A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ba a taɓa ganin dariyarta ba. Kowa na shakkarta. Duk ranar karatu ita ke fara zuwa, ita ke zama a sahun gaba."

Na ɗaga hannu na ce, "Allah Ya yi mata albarka." Na san malamai da fara wa'azi da misalin mutanen kirki.

Sai dai ga fura kofi biyu a ciki, ga iska a rumfa, ga muryar yarinyar nan a hankali kamar ana lallashin jariri. Abin da ya biyo baya ban ji da kunnena ba, Malama ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana share hawaye.

Wai littafin ya ce tsohuwar nan tana da wata hikima. Da Malam ya yi nisa a karatu sai ta ja mayafi zuwa hanci ta yi barcinta. Carbi na tafiya a hannunta shi kaɗai, don ya san hanya. Kai yana sunkuyawa yana ɗagowa, wanda bai sani ba sai ya ce gaskata Malam take yi. Hayaniya ba ta tashinta, shiru ke tashinta. Da Malam ya tsaya shan ruwa sai ta farka firgigit ta ce, "Haka ne, Malam! Allah Ya ƙara sani!" Har ranar da ya tsaya yana tambayar wa ya bar akuya ta shigo, haka ne ɗin ta ce masa.

Mata suka waiwayo gaba ɗaya. Ga ni, mayafi a hanci, carbi na tafiya, kai na sunkuyawa.

Dariya ta shaƙe Hafsatu, ta kasa ci gaba. Rumfa ta yi tsit.

Shirun nan ya tashe ni. Na buɗe ido, na ga kowa na kallona, na ɗaga murya yadda na saba:

"Haka ne, Malam! Allah Ya ƙara sani!"

Jama'a, ban taɓa ganin manyan mata sun zube haka ba. Ɗaya ta kifar da ƙwaryar fura. Ɗaya ta kwanta tana dukan tabarma tana "Wayyo cikina!" Malama ta toshe baki da mayafi ta ruga kicin, muna jin ta daga can. Ni kuwa ina ta dube-dube, ina neman abin dariya a cikin littafin addini.

Malam kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Hafsatu, maimaita wa Hajiya wurin." Ta maimaita. Tun daga mayafi har akuya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in ja ta in rufe.

Malam ya shafa gemu ya ce, "Hajiya, shekara nawa kina ce mini haka ne?"

Na ce, "Da dama, Allah Ya gafarta Malam."

"Ni kuwa duk ranar da na ji ta, sai in shiga gida in ce yau karatu ya ratsa jama'a." Ya miƙe. "A bar mini littafin."

Ban san yadda na fito ba. Sai a adaidaita na lura takalmin ƙafar hagu ba nawa ba ne.

Ina isa gida na sa aka kira mini Sagiru a waya. Na ce, "Kai, mara kunya! Ni za ka sa a littafi?"

"Hajiya, wa ya karanta miki?"

"Hafsatu. A gaban Malam."

Ya saki salati. Can ya ce, "Shi ke nan Hajiya, kin binne auren."

Kwana biyar ban leƙa ko ƙofar gida ba. Kunyata ma ta zama ƙarama, yaron nake tunani, ni da na je gyara na ɓata. A na shida sai ga ƙanin Malam, wanda ya nuna rawar nan, ya zo wurin ɗana. Wai Malam ya sa an karance masa littafin kaf, kullum bayan la'asar, kuma ya ce a turo magabata. Ga abin da ya ce a faɗa mana: "Kowa ya san karatuna ya yi tsawo, babu wanda ya iya gaya mini sai yaron nan, kuma ya gaya mini yadda ban ji haushi ba. Mai irin wannan harshe zai iya zama da iyali."

To kun ji yadda aka yi. Sagiru da Hafsatu suna Kano, har sun yi mini takwara. Yana nan yana rubuta wa talabijin, ya kuma fara littafi na biyu, na ce ba za a buga ba sai an karanta mini da safe, kafin in ci komai. Ƙanin Malam shi ya fi kowa cin shinkafar bikin. Malama har yau ba ta iya gaishe ni sai ta rufe baki. Malam ya rage rabin karatunsa, mata na ta sa mini albarka, kuma duk sanda zai sha ruwa sai ya ɗan dubi inda nake.

Ni kuwa na koma sahun baya, jikin bango. Barcin kam ban daina ba, shekaru ne. Abin da na koya shi ne, in na farka in kama bakina tukuna, sai na ji ko karatu ake yi ko cigiyar mai akuya.