Na Je Neman Gas, Na Dawo Da Leda

Jama'a, ranar Alhamis awa uku na yi a rana ina kiwon dabba. Kada ku ce na koma makiyayi a tsakiyar Waziriyya. Dabba dai ita ce tukunyar gas a bakin mutanen Jidda, tawa kuwa ta mutu daidai lokacin da matata Barakatu ta ɗora sanwa. Ga yayanta Malam Na'ibi ya zo umra, ya aiko cewa da mu zai ci abincin rana. Shekara tara rabonsa da girkin ƙanwarsa.

"Malam, yalla, yi maza ka sayo gas," in ji ta. "In Yaya ya tarar da ɗanyar shinkafa, kai za ka yi masa bayani."

Na mirgina dabba da ƙafa har shagon gas, na iske layi ya zagaye masallaci, kowa zaune kan tukunyarsa kamar masu jiran aski. Allah ya haɗa ni da maƙwabcina Abdulghani, mutumin Damagaram, wanda ya yi shekara shida yana dafa wa injiniyoyi shayi a wata masana'antar tace gas. Saboda haka a unguwarmu shi ne farfesa.

Na ce, "Abdulghani, ƙasar da in ka tona rami gas zai yi maka atishawa, me ya kawo layi?"

Ya gyara zama. "Bon. Ka san mai tallan nono? Gas ɗin da ke fitowa daga ƙasa kamar kindirmo yake, da mansa a ciki. Sai an sanyaya shi, sanyin da ƙanƙara ba ta kama ƙafarsa ba, sannan mai nauyin ya zama ruwa ya ware. A cikinsa ake samun na girki, da wanda ake yin roba da leda da shi. Marar nauyin a tura shi gidan wutar lantarki. To sanyin nan ba kyauta ba ne, injunan ci ne da su kamar gara. Shi ya sa kullum idon manya na kan kasuwa. In mai ya yi tsada, a kaɗe shi tas. In ya faɗi har wahalar ta fi ribar, a bar wani a ciki, a sayar da kindirmon haka nan."

"Yanzu wanne ake ciki?"

"Tsada. An kaɗe tas."

"Alhamdu lillahi! To ina nawa?"

Ya nuna wajen teku da haɓa. "Mai nono ba ta kai man shanu inda ake taya shi da araha. Jiragen ruwa ne a gabanka a layin nan, ba ka dai gan su ba ne."

Allah ya ja zamanin Masu Girma Sarakunan Lissafi! Ku dubi adalci. In abu ya yi tsada, talaka ya jira, ya fi ƙarfinsa. In ya yi araha, talaka ya jira, bai kai a wahala ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai wani Usuman, sabon zuwa daga Najeriya, ya sa baki daga baya. "Ku gode wa Allah ana ma kaɗawa. Mu can kudu wuta ake cinna masa, kindirmon da man duka, mata na shanya rogo a gefen harshen wutar. Duk shekara Mai Girma Shugaban Kwamitin Kashe Wuta zai sa ranar kashewa. In ranar ta zo, a ci kaji, a kafa kwamitin sa sabuwar rana."

Ana cikin dariya wata mota mai fitila a ka ta shawo kwana. Wani ya ce, "Iƙama! Masu binciken takardar zama!" Kafin ƙiftawar ido rabin layin ya zama tukwane ba masu su. Ashe motar ɗaukar marar lafiya ce. Ni da takarduna ke aljihu na tsallake mutum ashirin, na isa bakin ƙofa ina murmushi. Mai shago ya dube ni, ya kakkaɓe hannu.

"Halas, ya ƙare. Sai gobe, in sha Allah."

Wanda ya rasa tuwo ba ya raina ɗumame. Na biya gidan abincin 'yan Afganistan na sayo shinkafar buhari da kaji biyu, na shigo gida da dabba a ƙafa, leda a hannu.

Barakatu ta ce, "Ina gas ɗin?"

Na ɗaga ledar. "Ga shi. Abdulghani ya ce da shi ake yin ta."

Kallon da ta yi mini ba zai rubutu a jarida ba. Amma ta juye shinkafar a babban faranti, ta barbaɗa yaji, ta cusa ledar can ƙasan shara.

Malam Na'ibi ya ci har ya yi gumi. Ya lashe yatsu, idonsa ya ciko, ya ce, "Allahu akbar! Hannun Inna sak. Wannan ɗanɗanon ba a sayensa da kuɗi."

Muka ce amin, ni da ita, kowa na kallon bango. Ban gyara masa ba. Mutumin da ya fito daga umra da zuciya fes, ba ni ne zan fara ɓata masa zato ba.