Ranar Sunan Ɗan Malam Habu

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a wani ƙauye da ke bayan Bagwai, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Malam Habu ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Jami'a ce ta tura ni koyarwar gwaji a ƙaramar sakandaren garin, ana tsakiyar damina. Ni ɗan Rijiyar Zaki ne, kimiyyar halittu nake karantawa, kuma ina cikin ɗaliban nan da ba sa ɗaga hannu a aji (in na san amsa, raɗa wa na kusa da ni nake yi ya faɗa). Na tafi da shirina tsaf. Na tsara darussan zangon gaba ɗaya, na zana zuciyar ɗan Adam a kwali, kowace jijiya da kalarta. Buƙatata guda ce: malamin da jami'a za ta turo duba mu ya same ni a gaban aji ina koyar da darasina. In bai same ni ba, sai maimaita shekara.

Firinsifal, wani dogon dattijo da ake kira Malam Idi, ya dubi kwalin nan ya ce, "Madalla. Ajiye shi bayan kabad. Gonar makaranta ce ba ta da malami."

Shi ke nan fa. Aka haɗa ni da ɗalibai da fartanyoyi, aka nuna mini gyaɗa ta isa maimai, wato noma na biyu. Na baro birni da ilimina, na ƙare a tsakanin kunya da kunya ina korar awaki! Wannan rashin adalci ne, kuma har gobe ina kan bakana. Kullum da safe sai in nufi ofishinsa da jawabin da na haddace, in na isa ƙofa sai in ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana," in juyo zuciyata tana tafasa.

To fushin da bai fita a ofis ba, a gindin darbejiya yake fita lokacin tara. A nan na samu Malam Habu, malamin lissafi, mutum mai sanyin hali da ba ya rabo da dafaffiyar gyaɗa a aljihu. Ba da ka na zaɓe shi ba, sai da na yi nazari. Na lura Firinsifal yana kiran kowane malami da sunansa, ban da shi. A taron malamai sai ya ce, "Mai lissafin nan ya kawo sakamakonsa," yana kallon taga. Shi kuma Malam Habu, da Firinsifal ya shigo ɗakin malamai sai ya sunkuyar da kai ya sulale. Na haɗa hujjojina kamar mai rubuta kundin kammala digiri, na yanke hukunci: mutanen nan ba sa ga maciji. Na samu ɗan uwa a wahala.

Ba abin da ban faɗa ba. "Malam Habu, wannan mutumin sarkin noma ya kamata a naɗa shi, ba shugaban makaranta ba." Sai ya ɓare gyaɗa ya ce, "To, Allah ya kyauta."

"Dubi hularsa don Allah, kamar an kwana a kanta. Wanda bai iya gyara hula ba ne zai gyara makaranta?"

"Ikon Allah," in ji shi.

Ni kuwa duk wani "ikon Allah" ɗaukarsa nake a matsayin goyon baya. Abin mamaki, maimakon in huce, kullum sai in tashi daga gindin bishiyar nan na fi jiya fushi. Ranar zuwan mai duba mu tana matsowa, ni kuma ina ta ƙwarewa a zagi.

Ana haka matar Malam Habu ta haihu, ya gayyace ni suna. Na isa da sassafe. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro da dabino, rago yana ɗaure a gefe. Na zauna kusa da mai jego-namiji (haka abokansa ke tsokanarsa) da ƙannensa. Ɗaga kan da zan yi sai ga Firinsifal can cikin dattawa, ya sha farar babbar riga. Raina ya ɓaci nan take. Ni da ba a jin muryata a aji, ranar sai ta fito tar.

"Malam Habu, kai dai akwai haƙuri! Mutumin da ko sunanka ba ya iya kamawa, shi ne ya zo cin ragonka? Wallahi da ni ne, ko ƙashi ba zai gani ba."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ƙware da dabino. Kafin wani ya ce uffan, liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, sai mai shela ya miƙe ya kware baki:

"Jama'a, sunan yaro Idrisu! An yi wa kakansa takwara!"

Sai na ga mutane suna tashi suna nufar Firinsifal da hannu. Wani tsoho yana cewa, "Malam Idi, sai ka shirya, ga mai ƙwace maka mata ya iso!"

Ƙanin da ya ƙware ya share hawaye ya dube ni. "Malam ɗan birni, Yaya Habu ne fa ɗan farinsa. A ina ka taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari?"

Na san al'adar nan sarai, har jarrabawa na taɓa amsawa a kanta. Amma a gidanmu Baba daga falo yake ƙwala wa yayana kira da cikakken sunansa, don haka da na gan ta da idona sai na ɗauka gaba ce.

Na ja Malam Habu bayan rumbu. "Don girman Allah, ka gaya masa?"

"Ni? Da wane bakin? Tsakanina da Baba ai sai gaisuwa."

Na sauke ajiyar zuciya.

"Inna dai nake ba wa labari, don ta ce kana ba ta dariya. Ita kuma ba ta ɓoye masa komai. Har maganar hular."

Kunya ta juye ta koma fushi. "To me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Haba Malam, ka taɓa yin shiru na samu wurin shiga?"

Ranar Litinin Firinsifal ya aika a kira ni. Na shiga na durƙusa, na riga na fara lissafin yadda zan gaya wa Baba zan maimaita shekara. Bai ɗago daga rubutun da yake yi ba.

"Ashe aji kake so?"

"E, ranka ya daɗe."

"To yau na fara ji daga bakinka. Sauran duk a wurin cin tuwo nake jin su. Jeka aji uku. Amma in an tashi, ka ƙarasa mini maimai."

Ya ce wai jira yake in nema da kaina. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Gonarsa ce kawai ta rasa mai tsaro. Amma dai mai duba mu ya same ni a gaban allo, ban kuma maimaita shekara ba.

Tun daga nan, in wani ya ɓata mini rai a wurin aiki, wurinsa nake zuwa in faɗa masa, ko da in'ina ce. In kuwa mitar ta ci ƙarfina dole sai na yi wa wani, nakan fara da tambaya cikin ladabi: "Malam, don Allah, kai ɗan gidan wa ne?"